Mako bakwai a kan bencin 'yan firamare: ra'ayina kan shirin kare yara daga ƙwaya

Ranar farko gwiwoyina ƙin shiga ƙarƙashin tebur suka yi. Bencin 'yan firamare ne, ni kuwa shekaruna 48, ga tsayi. Haka na zauna a karkace, ƙafa ɗaya ta tare hanya, ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. An wuce da yarona mai shekara 12 ajin da ke gefe tare da sauran yara, ina jiyo dariyarsu ta bango. A ajinmu na iyaye ba mai dariya. Mu 14 ne, kowa ya sunkuyar da kai kamar an kira mu karɓar sakamakon jarrabawar da muka san mun faɗi.

Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta kawo shirin, tare da makarantar ƙauyenmu. Ba zan kama sunanta ba, domin ina da ƙorafi a kanta, kuma ma'aikatanta biyu da suka yi ta cin ƙura a kan babur suna zuwa mana ba su cancanci a ja su a ƙasa ba. Shirin kyauta ne. Zama bakwai, sau ɗaya a mako, awa biyu kowane zama, ga gidan da ke da yaro ko yarinya tsakanin shekara 10 da 14, da nufin a tare shaye-shaye tun bai leƙo ba. Na halarci shida. Yanzu wata biyar ke nan da gamawa, ƙura ta lafa, ina ganin zan iya faɗin inda ya yi rana da inda ya gaza, ko wanda aka kai wa irinsa ya san abin da zai tarar.

Ni malamin gona ne, shekara 20 ina yawo gona-gona, kuma a gabana ƙwaya ta shiga cikin 'yan ƙwadago. Yaro zai kama aiki tun da sanyin safiya, rana ta take bai ɗago ba, bai nemi ruwa ba, mai gona yana ta yaba masa. Ba ƙarfi ba ne, taramol ne. Wanda likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ne ƙwaya ɗaya, kuma ba a yarda babba ya wuce 400 a yini ba. Wanda ke yawo a aljihun samari 200 ne ko 225, a watsa biyu ko uku a tashi ɗaya. Ƙanena yana cikin waɗanda suka fara don aiki. Ranar da ya faɗi a bakin gona yana shure-shure, kumfa a baki, ma'aikacin lafiya ne ya gaya mini cewa irin wannan jijjiga sananniyar illar taramol ce idan ya yi yawa a jiki. Yana nan da ransa, amma ba shi ne ƙanen da na goya ba. Shi ya sa da takardar gayyata ta zo ban jefar ba.

Mutanen birni suna ɗauka ƙauye mafaka ce, har wasu kan turo yaron da ya fara lalacewa wai ya zo ya natsu. Ba su san cewa a karkara ƙofar daban take ba. Ba a wurin casu ake koya ba, a wurin aiki ake koya, kuma wanda zai fara miƙa wa yaro ba baƙo ba ne, yayansa ne ko abokin aikinsa, yana ganin taimakonsa ya yi. Idan aiki ya ƙare aka shiga watannin zaman banza, abin da aka fara don gajiya sai ya koma na kashe lokaci. Ga shi kowa ya san kowa, uwa ta gwammace ta rufe ɗaki ta sha kukanta da ta nemi shawara gobe a ji a bakin duniya. Asibitin da zai iya da irin wannan matsala kuwa tafiyar yini ce.

Na je ina tsammanin abin da aka saba kawo mana. A tara yara a filin makaranta cikin rana, jami'i ya zo da kaki, a ɗaga hoton huhun da ya yi baƙi ƙirin, a fito da wani tubabben ɗan ƙwaya ya ba da labarin yadda ya kwana a kwata. Yara su yi tsit, a tafa, a watse. Na taɓa tsayawa a bayan layi a irin wannan taro, na ji yara biyu suna raɗa, ɗaya yana tambayar ɗan'uwansa sunan ƙwayar da mutumin ya ce tana sa ka ji kamar kana tashi sama. Abin da suka tsinta ke nan a awa guda.

Malamar da ke riƙe da ajin iyaye, yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba, tun yammacin farko ta ce mana ba za mu ga hoton huhu ba. Na ɗauka rashin kayan aiki ne. Da na koma na bincika sai na tarar da hujjarta. A 1983 aka fara wani shiri a birnin Los Angeles mai suna DARE, 'yan sanda suna shiga aji suna koya wa yara su guji ƙwaya. Ya mamaye makarantun Amurka, aka zuba masa kuɗi, amma da masu bincike suka tattara sakamakon gwaje-gwaje a 1994 sai suka ga tasirinsa a kan ainihin shan ƙwaya bai taka kara ya karya ba. Ƙa'idojin rigakafi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya fitar a 2013, ya sabunta a 2018 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun jera tsoratarwa, da lacca tsagwaronta, da kawo tubabben mai shaye-shaye ya ba da shaida, cikin hanyoyin da ko dai ba sa komai ko kuma su jawo akasin abin da ake nema. Abin da suka ga yana aiki shi ne a koya wa iyaye tarbiyya a aikace, a koya wa yara yadda za su tsaya da ƙafarsu cikin abokai.

To, a kan wannan aka gina zaman namu. Awa ta farko iyaye daban, yara daban. Awa ta biyu a haɗa mu, kowane gida a kusurwarsa. Sai da muka kai zama na biyar kafin a kama sunan wata ƙwaya a fili. Kafin nan duk maganar dokar gida ce, da yabo, da sauraro, da yadda za ka hukunta yaro ba tare da ka rasa shi ba. A zama na biyu har na ce wa uwar yara ɓata lokaci ne, mutum ya haifi 'ya'ya biyar sannan yarinya ta zo ta koya masa magana da ɗansa.

Awa ta biyu ta zama na uku ce ta rufe mini baki. Aka ce kowane yaro ya gaya wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa abu ɗaya da ke damunsa a gida, minti biyu cur, babba ba zai katse shi ba, ba zai kare kansa ba, in yaro ya gama kuma sai babba ya maimaita abin da ya ji da bakinsa. Malamar tana tsaye da agogon wayarta. Yarona ya cinye rabin lokacin yana murza bakin rigarsa, yana kallon tagar da ba ta da marfi. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, in ka kira sunana gabana faɗuwa yake." Na buɗe baki, malamar ta ɗaga mini yatsa ɗaya. Ya ce, "Ba ka kirana sai na yi laifi ko za ka aike ni." Shi ke nan, bai ƙara ba. Sauran daƙiƙun muka zauna shiru, ina jin ƙarar bencin maƙwabcina. Da aka ce in maimaita, sai na ji maganar ta fi nauyi a bakina fiye da yadda ta fito daga nasa. Na nemi rana ɗaya cikin makon da ya wuce da na kira shi don kawai in ji yadda ya yini, na rasa.

Ina ba manoma shawara kullum su riƙa zaga gona ko da ba su ga alamar tsutsa ba. Wanzami ba ya son jarfa.

Abu na biyu da ya zauna mini shi ne batun hukunci. Ni dai tsarina a da shi ne in yi shiru, in yi shiru, ranar da ta cika in fashe, in rantse ba zai sake fita ba har shekara, bayan kwana biyu na manta. Yaro ya gane cewa dokata ta dogara ne ga yadda na tashi. A zaman aka sa muka rubuta dokoki uku kacal, shi da ni, da ɗan ƙaramin hukuncin da zai biyo baya, tun kafin a yi laifin. Tamu ta farko: ƙarfe takwas na dare a gida take yi masa, in ya wuce, kekensa zai kwana ya yini a ɗaure. Na raina hukuncin. Amma ƙaramin hukunci shi ne wanda za ka iya zartarwa kullum ba tare da zuciyarka ta karaya ba. Sau biyu keken ya sha ɗauri. Na biyun ma shi da kansa ya turo shi ya jingine a inda nake ajiyewa, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba.

Sai wasan kwaikwayo. A ajinsu an koya wa yara matakai: in aboki ya ce zo mu je, ka tambaye shi za a yi me, ka kira abin da sunansa, ka faɗi abin da zai iya biyo baya, ka kawo wata shawarar, ka fara tafiya, ka bar masa ƙofa ya biyo ka. A awa ta biyu aka ce iyaye su zama mugun aboki. Yawancin iyayen suka riƙa cewa "zo ka sha ƙwaya" suna dariya, yara suna cewa a'a cikin sauƙi. Ni kuwa na san yadda ake faɗinta a gona, sai na dafa kafaɗarsa na ce, "Kai dai ka gaji, ɗan'uwa. Ɓari ɗaya ce, ta gajiya ce, ba ta maye ba. Ko so kake a ce yaro ne kai a sallame ka?" Matakan nan shida duk suka tsere masa. Ya tsaya yana kallona baki buɗe. Ajin ya yi tsit, sannan malamin yaran ya ce in sake, a hankali, kowa ya ji. Muka yi sau huɗu kafin ya iya zame kafaɗarsa ya ce shi ruwa zai je ya sha. A ganina wannan minti goman ya fi duk laccar da aka taɓa yi a filin makarantar, kuma yabo ya tabbata ga malamin da ya ajiye littafinsa ya bar abin ya tafi yadda ya zo.

Masu shirin sun ce tsarinsu sun ɗauko shi ne daga wani da ake kira Strengthening Families 10-14. Asalinsa aikin Karol Kumpfer ne a Jami'ar Utah ta Amurka cikin shekarun 1980, don 'ya'yan masu shaye-shaye. Virginia Molgaard ta Jami'ar Jihar Iowa ta gajarta shi zuwa zama bakwai don kowane gida, aka gwada shi daga 1993 a wani bincike da ya haɗa makarantun karkara 33 a Iowa ƙarƙashin Richard Spoth. An bi yaran shekara da shekaru, aka ga waɗanda gidajensu suka samu shirin sun fi jinkirin fara giya da taba da wiwi, kuma da suka girma sun fi ƙarancin wasa da magungunan kashe raɗaɗi na asibiti, dangin taramol ke nan. Jinkirin nan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, kuma wanda ya fara da wuri shi ya fi saurin kamuwa.

Abin da ba su gaya mana ba, wanda ya kamata su faɗa, shi ne da aka kai wannan tsari Suwidin da Polan da Jamus da yankin Wales na Birtaniya aka gwada, ba a ga bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin yaran da suka shiga da waɗanda ba su shiga ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Na sha ganin irin da ya yi abin kirki a gonar gwaji ya zo wata ƙasar ya ƙi. Ba ya nufin irin banza ne, yana nufin wanda ya kawo maka shi ya ce tabbas ne, bai gaya maka gaskiya duka ba.

Yanzu ga ƙorafina, kuma babba ne.

Ta hannun 'yan makaranta aka raba takardar gayyata, a rubuce. Ka ga tun daga nan an zubar da yaran da ba sa zuwa makaranta, waɗanda su ne ke gona tare da manya tun suna shekara 11, su ne kuma ake fara miƙa wa ɓari. An zubar da iyayen da ba sa karatu. Da na waiga a ajinmu, wa na gani? Malaman makaranta biyu, matar ma'aikacin lafiya, mai shagon ɗinki, ni. Gidajen da in ma ba a yi shirin ba, da wuya yaransu su kwana a waje. Uban da shi kansa yake sha bai zo ba. Tsohuwar da ke riƙon jikoki huɗu ba ta zo ba. Maza huɗu ne kacal a cikinmu, sauran duk iyaye mata, alhali yaron da ya kai shekara 13 ya fi yini a inda ubansa yake. Mun fara gida 14, muka gama gida 9.

Na faɗa wa malamar wannan a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, mun sani. Mako biyu aka ba mu mu tara mutane." Ban ga laifinta ba, na ga laifin wanda ya zauna a ofis ya yanke mako biyun. Cika benci shi ne rabin aikin, kuma ko'ina haka yake. A Amurka akwai wani tsari mai suna PROSPER da aka gwada a gundumomin makarantu 28 na karkara da ƙananan garuruwa a Iowa da Pennsylvania. A can ba baƙi ne ke zuwa su tafi ba. Kowace al'umma tana da kwamitinta, kuma abin da ya sa na gyara zama da na karanta, jagoran kwamitin ma'aikaci ne na hukumar da ke kai ilimin jami'a ga manoma da iyalansu, wato ɗan'uwan aikina, tare da wani daga makaranta. Dalili a fili yake: mutum ne da ya riga ya san kowane gida, kuma yana nan bayan kuɗin shiri sun ƙare. Duk da wannan, kashi 17 cikin 100 ne na gidajen da suka cancanta suka halarci zaman iyali, kuma masana suna ganin wannan adadi ya yi kyau. In masu kwamiti da shekaru a hannu sun samu haka, me ake tsammani daga takarda a jakar ɗan aji biyar? Da an tambaye ni, da na ɗauki malamar a babur mun bi gida-gida. Ba wanda ya tambaya.

Lokacin ma an zaɓe shi ne kamar da gangan. Zama na huɗu ya faɗo tsakiyar girbi, ƙarfe huɗu na yamma. Wanda na rasa ke nan, kuma a makon ne gidaje uku suka tafi ba su dawo ba.

Kayan koyarwar suna da nasu. Akwai bidiyo da ake nunawa a ƙaramar kwamfuta, mu 14 muna leƙe, an ɗora murya a kan fuskokin mutanen wata ƙasa. A ciki wata yarinya ta yi fushi ta haye bene ta buga ƙofar ɗakinta. Wata uwa a bayana ta ce, "Ita kaɗai ke da ɗakin?" Aka kwashe da dariya, darasin ya bi iska. Sau biyu caji ya ƙare ana tsakiyar kallo, kuma a gaskiya waɗannan ranakun sun fi daɗi, domin malamar takan rufe kwamfutar ta ce mu kawo misali daga gidajenmu. Misalan littafin kusan duk na giya da sigari ne a wurin biki. Ba ƙwayar aiki, ba maganin tari, ba sholisho. Aikin gida kuma sai an rubuta, sai ka ga uwa ta miƙa wa yaron takardar da aka ce ita za ta cike game da shi.

Wannan ya nuna ba a tambayi ƙauyen ba kafin a kawo masa magani. Akwai tsarin da David Hawkins da Richard Catalano na Jami'ar Washington suka gina, Communities That Care, wanda aka gwada a ƙananan garuruwa 24 cikin jihohi bakwai na Amurka. Yadda yake tafiya shi ne a yi wa yaran garin tambayoyi ba tare da sun rubuta suna ba, a gano ainihin inda bango ya tsage, sannan mutanen garin su zaɓi shirin da ya dace. Mu an fara mana ne daga zaɓin.

Akwai kuma ramin da shirin bai ma yi niyyar cikewa ba. A zama na biyar wani uba ya ce, duk wannan ya ji, amma mai sayarwa fa? Kowa a ɗakin ya san inda ake samu, ya san sa'ar da yara ke taruwa a wurin. Malamar ta ce wannan ba ya cikin aikinsu. Gaskiya ta faɗa, amma gida ba tsibiri ba ne, ka gyara naka awa biyu a mako, sauran sa'o'in yaro yana waje. Ƙasar Ayislan ta wajen ta kama abin. A 1998 kashi 42 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu da giya cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya sauko kashi 5, masu shan taba kullum kuma daga 23 zuwa 3. Ba da lacca suka yi ba. Doka ta hana 'yan 13 zuwa 16 yawo bayan ƙarfe goma na dare lokacin sanyi, iyaye suka riƙa sa hannu a yarjejeniya tsakaninsu, aka cika wa yara yammacinsu da wasanni da kiɗa da sauran ayyuka ƙarƙashin kulawar manya, ana kuma auna yaran da tambayoyi a kai a kai. Ƙasa ce ƙarama mai arziki, ba kowa zai iya abin da ta yi ba. Amma yarjejeniyar iyaye ba ta cin ko sisi, kuma ban ga abin da zai hana a ƙara zama na takwas a kanta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a zama na shida. Wata mata da ba ta cikinmu ta zo ta tsaya a bakin taga har aka tashi. Ta tari malamar ta ce ɗanta shekararsa 19, ya kwana uku bai san inda kansa yake ba, an ce mata nan ne ake maganin abin. Malamar ta yi mata bayani a hankali cewa wannan na waɗanda ba su fara ba ne. Matar ta ce, "To ni ina zan kai shi, 'yata?" Ba su da lambar waya, ba su da sunan asibiti, ba su da komai da za su miƙa mata. Na ga idon malamar ya kawo ruwa. Duk wanda zai shiga ƙauye da kalmar ƙwaya a bakinsa ya san irin wannan uwa za ta zo, kuma bai kamata a turo ma'aikaci hannu rabbana ba.

Ranar rufewa aka ba mu takardar shaida, aka ɗauki hoto, aka ce za a dawo bayan wata uku a yi zaman tunatarwa. A tsarin asali irin wannan zama guda huɗu ne. Har yau ba mu ga ƙeyar kowa ba. Na kira sau biyu, aka ce kuɗin wannan zangon sun ƙare.

Duk da haka, wanda ya tambaye ni ko ya je, zan ce ya je, kuma uba ya je da ƙafarsa, kada ya tura uwar yara ta wakilce shi. Ya je da sanin cewa shi za a gyara fiye da yaron. Shugaban makaranta ko mai faɗa-a-ji da ƙungiya ta zo wa da irin wannan, kafin ya ba da aji ya tambaye su wa zai bi gidajen da ba sa karanta takarda, a wane wata za a yi, ina za a tura wanda ya riga ya faɗa, kuma mutum nawa 'yan gari za su horar su bar musu littafin. In sun rasa amsar ta ƙarshe, mako bakwai ne kawai za a samu, ba ƙari.

Mu gida tara ɗin muna haɗuwa da kanmu Asabar ɗin farko ta kowane wata, a ajin nan dai, ba kwamfuta. Mun yi alkawari duk wanda ya ga ɗan wani a wurin da muka sani zai faɗa wa iyayensa, kuma wanda aka faɗa wa ba zai mai da shi faɗa ba. Sau ɗaya aka gwada, alkawarin ya sha da ƙyar.

Makonni uku da suka wuce ina gyaran fitilar babur da daddare, yarona yana riƙe mini tocila. Ba tare da na tambaye shi komai ba ya ce, "Baba, ranar da muka je ɗaukar kaya a gona, wani ya ba ni ɓari." Sukudireba ta kusa suɓuce mini. Ya ce bai tuna matakan ba ko ɗaya, cewa kawai ya yi cikinsa ke ciwo, ya koma wurin manya. Kwana uku yana juya maganar kafin ya faɗa. Abin da ya taso mini shi ne in daka masa tsawa in ce wane ne, ɗan gidan wa, me ya sa sai yanzu. Na ci gaba da murza noti ina ƙirga minti biyu a zuciyata, hasken tocilar yana rawa a kan hannuna. Kafin su cika ya faɗi sunan da kansa.

Yaron shekararsa 14, ya bar makaranta bara, takardar gayyata ba ta taɓa zuwa gidansu ba. Na san ubansa, na taɓa auna masa gona. Asabar mai zuwa ce haɗuwarmu, na ce masa zan biyo in ɗauke su a babur, shi da yaron. Ya ce zai duba.